Fatar da ba ta riƙe ɗinki

Duk lokacin da na ce a sashen tiyatar gyaran jiki nake aikin jinya, sai a yi murmushi a ce, "Au, ku ne masu ƙara wa mata mazaunai?" Na gaji da bayani. Mu dai waɗanda muke kwana a kansu su ne wanda wuta ta ƙone, da yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe, da ɗan acaɓan da kwalta ta kwashe wa fata, da yaran da cutar noma ta cinye wa kunci, irin waɗanda ake yi wa aiki a asibitin noma na Sakkwato tun 1999.

Ganin yadda tallan man bilicin ya cika TikTok da Facebook ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani.

Da hunturun bara aka kawo mana wata baiwar Allah da ba ta kai shekara talatin ba. Kaskon suya ne ya kife mata a hannu da ƙirji. Likita ya duba ya ce sai an yi mata dashen fata, wato a yanko fata siririya daga cinya a shimfiɗa a kan ƙunar. Kafin a shiga da ita na tambaye ta, "Hajiya, wane mai kike shafawa?" Ta ce, "Basilin kawai, Sista." Na kalli gaɓɓan yatsunta sun yi baƙi ƙirin, jijiyoyi sun fito kore-kore a damtsenta, ga nankarwa har kafaɗa. Na rubuta abin da na gani, na sanar da likita.

Wurin da aka yanko fata yakan warke cikin kamar mako biyu. Nata sai da ya haura mako shida yana ruwa. Inda aka yi ɗinki kuwa, zare sai ya keta fatar ya fita, kamar ana ɗinka tsohon zani. Filasta ma idan ba a ɗaga ta a hankali ba, da fata take tahowa.

Wani dare ina mata wankin ciwo, sai ta fashe da kuka. Ta ce, "Sista, ƙarya na yi miki. Shekara takwas ke nan ina shafa haɗi. Tun ranar da maigidana ya ce zai ƙara aure, na ga yarinyar fara ce."

Ban iya yi mata faɗa ba, don ni ma na taɓa. Ana saura wata uku bikina wata ƙawata ta kawo min haɗi a 'yar roba, babu suna babu takarda, na shafa, kuma a lokacin ina makarantar jinya. Allah ya taimake ni ƙuraje suka feso min na daina. Saboda haka ba daga kan mumbari nake wannan magana ba.

Ga abin da mai sayarwa ba za ta gaya miki ba. Yawancin mayukan nan ba sa rasa ɗaya cikin uku. Akwai sitiroyid, maganin da ake rubuta wa mai ciwon fata na ɗan lokaci. Idan aka daɗe ana shafa shi, yana sirantar da fata, ya rage mata ƙarfin haɗewa bayan rauni, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, har yana iya shiga jini ya tayar da suga da hawan jini. Akwai haidirokwinon, wanda idan aka jima da shi yake barin baƙin tabo a kunci mai wuyar fita. Akwai kuma zaiba, wadda ke lalata ƙoda, tana kuma iya kaiwa ga jaririn da ke ciki. Ƙasar Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayukan tun 2015. A nan gida, hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023, amma ku shiga kasuwa ku gani, ana auna shi da cokali.

Babu wadda ta san ranar da za ta buƙaci wuƙar likita. Haihuwa na iya zuwa da tiyata, haɗari ba ya sallama. Ranar nan fatar da kika kwashe shekaru kina cinyewa ita za a nema ta riƙe ɗinki.

Roƙona uku ne. 'Yar'uwa, idan kina shafawa, ki faɗa wa nas ko likita gaskiya kafin a taɓa ki, wallahi ba don mu yi miki dariya muke tambaya ba. Idan kin daɗe a kai, kar ki yanke dare ɗaya, ki ga likitan fata ya tsara miki yadda za ki janye, don sitiroyid ba a barinsa da garaje. Sannan don girman Allah a ƙyale yara. Na ga uwar da ta shafa wa 'yar shekara huɗu don ta yi haske a hoton Sallah.

Ku kuma maza, kuna da kaso. Wanda ke cewa "ko mayya ce in dai fara ce" a majalisa, ya sani akwai mai saurare a cikin gida.

Waccan baiwar Allah an sallame ta bayan kusan wata biyu. Ta dawo ganin likita kwanaki, launinta na asali ya fara dawowa, hannun yana lanƙwasuwa. Ta ce har yanzu ba ta son madubi. Na ce a hankali, Hajiya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu gode wa halittar da ya yi mana.