Daga Burumburum Zuwa Yankari

Hausawa matafiya ne tun asali. Kakanninmu sun kai Gwanja neman goro, sun kai Makka a ƙasa, waɗansu suna shekaru a hanya kafin su komo. Amma duk tafiyarsu da dalili, ko fatauci, ko neman ilmi, ko ziyarar dangi, ko sauke farali. Mutum ya ɗaure kaya ya bar iyalinsa don ya je kallon dutse da ruwa da namun jeji kurum, wannan har yanzu a ƙauyukanmu abin dariya ne. Saboda haka da muka ƙulla shawara, mu huɗu abokan juna tun makarantar allo, za mu zaga ƙasa cikin watan Janairu na 2019, tambayar da muka fi sha a Burumburum ita ce, "To, me za ku sayo?"

A Amurka da Turai akwai motoci da akan ƙera musamman don irin wannan yawo, da gado a ciki da wurin girki da makewayi, iyali su yi wata guda suna zagawa ba su sauka gidan kowa ba. Mu ba mu da irinta, sai muka yi tamu dabara. Ɗaya daga cikinmu direba ne, yana da ƙaramar bas. Aka kwance kujerun baya, aka shimfiɗa tabarmi da katifu biyu, aka ɗaure jarkokin ruwa da risho da tukunya da butoci, da buhun shinkafa da garin kunu da ƙuli-ƙuli. Na biyu Alhaji ne ɗan kasuwa, shi ne babbanmu. Na uku malamin makaranta. Ni kuwa da yake aikin akawu na saba, aka ba ni riƙon asusu da littafi, kome aka saya in rubuta. Yaron mota ne cikon na biyar. Sharaɗi biyu muka yi: ba tafiyar dare, kuma abin da uku suka yarda da shi ya zama dole kan na huɗu.

Muka fara da Tiga, ko da yake ba kan hanyarmu take ba. An gina madatsar nan a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tsawon bangonta ya kai kilomita 6, tsayinsa kuwa mita 48. In ka tsaya bisansa ka dubi kudu ba ka ganin iyakar ruwa, sai kwalekwalen masunta can nesa kamar ƙudaje a bakin ƙwarya. Daga nan ruwa ke bin magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman alkama da shinkafa da tumatir da rani. Alhaji ya ce wannan ita ce albarka tsantsa. Malam ya ce ya yarda, amma a tuna akwai ƙauyuka da gonaki da makabartu a ƙarƙashin ruwan nan, an tashi mutanensu an sake musu mazauni, kuma mutanen fadamun Haɗejiya da Nguru sun ga ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita ta ragu bayan an tare kogin. Daga ranar nan na lura abokan nan biyu ba ido ɗaya suke kallo da shi ba.

Kashegari muka juyo kudu, muka bi ta Tudun Wadan Dankadai, muka shiga dajin Falgore. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji, ya taɓa ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Dattawanmu suna ba da labarin ɓauna da gwanki da suka gani a bakin hanyar nan da idonsu. Mu dai abin da muka gani birai ne, da zabin daji, da garken shanu, da buhunan gawayi jere a gefen titi ana jiran mai saye. Malam ya so mu kwana ciki don mu ji kukan daji da dare. Direba ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, motata ba ta kwana nan." Gaskiyarsa kuwa, gama ɓarayin shanu da masu tare hanya sun daɗe suna fakewa a dajin, har a 2017 aka mai da wani sashinsa filin horar da soja. Muka kaɗa ƙuri'a, Malam ya faɗi, muka wuce da sauran rana.

Riruwai muka kwana. Gari ne a tsakiyar duwatsu, iskarsa ta fi ta sauran ƙasar Kano sanyi. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin suna narka kuza su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni masu nisa. Daga baya kamfanoni suka zo da injuna, har aka haƙa rami mai zurfi cikin dutse ana bin jijiyar ma'adini. Aikin ya tsaya, farashin kuza kuma ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Muka ga gine-ginen ma'aikata da ƙarafa sun yi tsatsa, ciyawa ta cinye su, samari kuwa suna ta tono da diga da shebur, suna wanke ƙasa a kwano, ba hular kwano ba abin tokare rami. Alhaji ya tsaya shiru wani lokaci, sa'an nan ya ce, "Ashe arziki ma yana ƙaura."

Daga nan muka bi ta Saminaka muka hau tudun Jos. Hawan nan ya gwada motarmu, sau biyu muna tsayawa injin ya huce. Jos tana bisa tudu kimanin mita 1,200, sanyin hunturunta kuwa ya wuce abin da muka yi wa shiri. A daren nan duk mu biyar muka cusa kai cikin mota, ba wanda ya yarda ya kwana a tabarma waje. Da safe muka tafi gidan kayan tarihi, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Nan muka ga kawunan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928, aikin mutanen da suka zauna ƙasar nan fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Kusa da shi akwai fili inda aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya da ƙasa, har da badalar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Yaron mota ya shiga ƙarƙashin bakan gizon nan ya ɗaga kai, ya ce, "Yallaɓai, wai duk wannan ba siminti?"

A Jos ɗin ne tafiyar ta kusa wargajewa. Malam ya ce mu ƙara kwana ɗaya, bai gama karanta bayanan da ke jikin kayan ba. Alhaji ya ce rumfarsa tana hannun yara, kowace rana hasara ce, shi giwa ya fito gani, ba tukwane ba. Magana ta yi zafi, har Malam ya ce a ba shi ragowar kuɗinsa ya hau motar haya ya koma gida. Ƙuri'a ba ta raba gardama ba, gama biyu da biyu muka tashi. Na buɗe littafi na karanta musu abin da ya rage a asusu, aka ga zai ɗauki kwana ɗaya in mun bar sayen nama muka koma wa ƙuli-ƙuli. Direba ya ce, "Alhaji, kai ne babba. Shekara arba'in muna tare, a ce kwana ɗaya ya raba mu?" Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Malam, je ka gama karatunka, amma gobe kai za ka wanke tukunya." Zama tare a gida ba ya nuna halin aboki kamar mako guda cikin mota ɗaya, inda ba mai iya tashi ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa.

Muka gangara Bauci, garin Yakubu, mai tutar Shehu Usmanu. Muka ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Minista na farko, wanda aka kashe a Janairun 1966, muka yi masa addu'a. Ana bi ta wani lungu mai duhu ana hawa a hankali kafin a fito sarari inda kabarin yake, ba rufi a bisansa sai sama. Wani dattijo da muka tarar a wurin ya tambaye mu daga ina. Da ya ji Burumburum sai ya ce, "Garin da Alwali ya ƙare ke nan." Yaron mota, haifaffen garin, ya juyo ya tambaye ni wane ne Alwali. A hanya na ba shi labari: Muhammadu Alwali shi ne Sarkin Kano na ƙarshe kafin jihadi, da aka ci shi da yaƙi ya bar birni ya nufi Zazzau, daga baya ya zo ya kafa sansani a Burumburum, nan jama'ar Shehu suka same shi, aka kashe shi a 1807. Yaron ya yi shekara shida a firamare, ba wanda ya taɓa gaya masa.

Daga Bauci muka bi hanyar Gombe, muka ratse a Dindima zuwa Yankari. An keɓe dajin nan a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, ya komo hannun Jihar Bauci a 2006. Faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 2,200. Da rani namun daji sukan taru a bakin Kogin Gaji saboda ruwa, shi ya sa lokacin ya fi kyau ga mai son kallo. Ba a barin kowa ya shiga sai da ɗan jagora. Muka ga ɓauna da gwambaza da gadu, da gwaggon biri wanda ya shigo har cikin motarmu ya ɗauke burodi. Fita biyu muka yi ba mu ga giwa ba sai kashinta da rassan da ta karya. A ta uku, da la'asar sakaliya, sai ga su sun ratso hanya, manya da ƙanana, ba ka jin ko motsin ƙafarsu. Alhaji da ya ƙagara ya gan su bai iya cewa kome ba sai "Subhanallahi." Ɗan jagora ya ce sun ragu ƙwarai bisa ga da, saboda mafarautan haure da gonaki da suka matso dajin. Da dare muka yi wanka a Wikki, maɓuɓɓugar da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, ruwanta garai-garai, ɗuminsa kimanin digiri 31 rani da damina.

Ran kwana tara muka iso gida lafiya, asusu ya rage kuɗin man fitila kawai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawancin abubuwan da muka gani raguwa suke yi. Falgore da Yankari asalinsu ɗaya, dazuzzuka ne da aka keɓe, amma ɗaya an tsare shi gwargwado har yau ana ganin giwa, ɗayan kuwa, wanda ke ƙofar gidanmu, gawayi muka tarar. Mutum ba ya kishin abin da bai taɓa gani ba. Shawarata ga malaman makarantunmu na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, da iyayen yara masu hali, su riƙa haɗa kuɗin mota ko sau ɗaya a shekara a kai yara Tiga da Riruwai, tafiyar yini guda ce, a kuma fara da nuna musu abin da ya faru a garinsu. Wanda ya yi niyyar tafiya mai nisa irin tamu kuwa, ya tambayi lafiyar hanya kafin ya tashi, ya riƙe littafin asusu, kada ya yi tafiyar dare. Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.