Ka Riƙa Kai Yaran Nan Cikin Gari

Ɗana, na ji ka tare a sabon gida, Allah Ya sanya alheri. Doguwar katanga, ƙofar ƙarfe, ga burtsatse a tsakar gida. Ban ƙi ba. Yaranka nake ji. Daga gida sai mota, daga mota sai makaranta. In aka tambaye su 'yan ina ne za su ce Kano, amma ƙafarsu ba ta san Kanon ba.

Mu da muka tashi cikin badala, unguwa ce ta fara gaya mana ko mu su wane ne. Yaron Ƙofar Mata tun bai yi wayo ba ya san warin baba da toka, ya san mahaifinsa da shuɗin hannu yake komawa gida, kuma babu kunya a ciki, don marinar nan tana aiki tun 1498. Wanda ya tashi kusa da Kurmi, kasuwar da aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kafin ya haddace izu ɗaya ya iya ciniki. Ka dubi Agadasawa, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari. Kakanninsu baƙi ne, fatauci ko karatu ya kawo su. Yau wa zai ce musu ba Kanawa ba ne? Zama ne ya mayar da su, da lungun da suka bi, da masallacin da suka yi sahu a ciki.

Abin da ya fi ci mini rai kududdufi ne. Ku kuna ganin ruwan ƙazanta da sauro, kuma da gaskiyarku, mu ma mun sha zazzaɓinsa. Amma ramin nan daga cikinsa gidajenmu suka fito. Nan aka haƙi ƙasa, aka kwaɓa, aka yi tubali, aka tayar da soro da zaure, aka yafe da makuba. Da damina kuwa, duk ruwan unguwa can yake gangarawa ya kwanta. Yanzu an cike da yawa daga cikinsu da shara, an yanka filaye, an dasa shaguna. Ruwan Agusta bai san da cinikin ba. Yana zuwa ya nemi mazauninsa, in bai samu ba ya shiga ɗakunan mutane, sai ka ji ana cewa ƙaddara ce. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa ma haka ake ta gutsurarta, kowa na ganin ɗan abin da ya ɗiba ba komai ba ne.

Ban ce ka rushe gidanka ka dawo lungu ba, ni ma gwiwata ta gaji da tsallake kwata. Amma ranar Juma'a, bayan an sauko, ka ajiye motar a bakin titi ku shiga da ƙafa. Su durƙusa su gaida tsofaffin da ke zaure, a gaya musu ɗakin da aka haifi kakansu. Ka hau da su Dala su hango Goron Dutse, ka nuna musu inda Jakara ta bi. Kada ka hana su cin tuwon gidan gwaggonsu wai don ruwan can bai yi maka ba. In kuma 'yan'uwanka suka sake tayar da maganar sayar da gidan gado, ka turo mini su tukuna.