Akwatin Mai Zuwa Ƙasar Yayyafi

A watan Yuli na shekarar 2024 ƙanwata da ke aure a Burusel, babban birnin ƙasar Beljik, ta haihu, sai mahaifinmu ya umarce ni da in wakilce shi wurin suna, domin shekaru da hidimar masallaci ba su bar shi ya yi doguwar tafiya ba. Abin da ya fi ba ni wuya a wannan tafiya shi ne shirya akwati, kuma labarinsa nake so in ba ku, ko wani ya amfana.

Daren da zan bar Damagaram na shimfiɗa tabarma na jera kaya: manyan riguna uku na shadda, kaftani huɗu, huluna, da takalman fata buɗaɗɗu ƙirar garinmu. Tikitina ya ba ni izinin akwati ɗaya mai kilo 23, alhali Inna ta riga ta cinye kilo takwas da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yajin jego. Ban sa wani abin sanyi ba, saboda tun muna lise mushe ya karantar da mu cewa Yuli da Agusta su ne lokacin zafi a Turai. Ni kuwa da na ji an ce zafi, sai hankalina ya tafi ga watan Afrilu namu, lokacin da awo ke wuce digiri 40.

Ana nan sai mijin ƙanwata ya kira ni a waya. Ya ce, "Yaya, don Allah ka taho da rigar sanyi, da rigar ruwa mai hula, da safa, da takalmi rufaffe." Na yi dariya na ce masa ai mu ma damina muke ciki, ba yau muka fara ganin ruwa ba.

A nan kuskurena yake. Ruwanmu yana yin sallama kafin ya zo: hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso da ƙura, kowa ya nemi mafaka, a zuba kamar da bakin ƙwarya, bayan awa guda rana ta fito. Abin da Yamai ke samu a shekara, kimanin milimita 550, kusan duk yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Burusel kuwa tana samun wajen milimita 840, amma a rarrabe cikin kwana kusan 190, wato fiye da rabin kwanakin shekara. Iskar yamma ce ke kwaso danshi daga tekun Atlantika, sai ya sauka a matsayin yayyafi, ba rugugi ba gargaɗi. Ba a tsaya masa, domin wanda ya ce sai an ɗauke zai fita, yana iya wuni a ɗaki. A Yuli zafin rana yakan tsaya wajen digiri 23, da dare ya sauka wajen 14, kamar asubahin hunturu a wurinmu. Duk da haka wata rana zafi kan yi tsanani, don a ran 25 ga Yuli 2019 awo ya haura 40 a wasu sassan ƙasar. Ke nan matafiyi na bukatar tufafi marasa nauyi da zai riƙa ɗora wani kan wani, ya ƙara ko ya rage yadda garin ya juya.

Malam yana zaune yana jin yadda muka yi a waya. Ya ce, "Wanda ya kwana a gari ya fi ka sanin sanyin asubahinsa. Riga ɗaya ta ishe ka fita kunya." Sai ya shiga ɗaki ya ɗauko babbar rigarsa fara, wadda aka dawo da ita daga mabuga ranar, ya ce ita zan sa ranar suna. Na cire nawa ukun, na naɗe tasa cikin leda biyu, domin kowa ya san shadda in ta sha ruwa ƙyallinta ya tafi. A Yamai na shiga wurin ƴan gwanjo na sayi rigar sanyi da rigar ruwa. Takalmi kuwa na ƙi, ina ganin babbar riga da takalmin ƴan ƙwallo abin dariya ne.

Ranar suna gari ya waye da yayyafi. Na sa rigar ruwa bisa kaftani, na rungume ledar Malam a ƙirji, muka taka zuwa tashar jirgin ƙasa. Sai a bakin zauren taro na warware rigar na saka, ta fito fes kamar yadda ta bar hannun mai ita, dattawa suka yi ta sa wa Malam albarka. Amma ƙafafuna sun wuni a jiƙe, fatar takalmin ta sha ruwa ta saki, ta kwana biyu ba ta bushe ba. Kashegari mura ta kama ni. Ƙanwata ta ce cikin ladabi, "Yaya, ka yi haƙuri, sai ka warware ka ɗauke shi." Na ƙetare hamada da teku domin wannan jariri, ga shi ina hangen sa daga bakin ƙofa har kwana huɗu, saboda takalmin da na raina.

Shawarata ga mai irin wannan tafiya ita ce ya tambayi mazauna wurin, kuma ya karɓi amsarsu dukanta. Ya ɗauki tufafin mutunci ɗaya ya kāre shi da leda, sauran su zama masu saurin bushewa, domin can wanki a ɗaki ake shanya shi. Rigar ruwa mai hula ta fi laima, wadda iska ke juyawa. Safa ta yi yawa, takalmi ya zama rufaffe.

Da na dawo na mayar wa Malam rigarsa, ya duba ta ciki da waje, sa'an nan ya tambaye ni ina takalmana. Na ce sun zauna a Beljik. Ya yi murmushi bai ƙara cewa kome ba. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, amin.