Daga Gusau zuwa Shika da takardar gwajin jini

Da asuba muka bar Gusau, ni da kawuna, don a ratsa Tsafe da Yankara tun rana ba ta yi tsaka ba. Duk mai bin hanyar nan ya san dalili. A Funtuwa muka karya da kunu da ƙosai, amma Kawu ko rabin kofi bai sha ba. Ya rame, fitsarinsa da jini, hoto kuma ya nuna tsiro a ƙodarsa ta hagu. Daga nan sai Giwa, sai ga asibitin koyarwa na Shika.

Likitan ya daɗe kan takardar gwajin jini fiye da yadda na zata. Ya ce: "Baba, kwanan nan ka yi zazzaɓi?" Kawu ya ce a'a, ranka ya daɗe.

Ashe tambayar ita ce kan zance. Ainihin zafin sankarar ƙoda ba a saninsa sai an cire tsiron an duba shi a madubin likita, a ba shi mataki daga 1 zuwa 4, tsarin da Fuhrman ya kawo a 1982 aka kuma gyara daga baya. Amma jini kan tsegunta tun kafin tiyata. Tsiro mai zafi yakan fitar da sinadarin da ke zuga hanta ta ƙera CRP, alamar kumburi a jiki. Ma'aunin Gilasgo ya sa iyaka: CRP sama da miligiram 10 a lita, furotin albumin kuma ƙasa da giram 35 a lita. Ana kuma auna fararen ƙwayoyin jini, nutrofil a kan limfosayit. Idan na farkon sun rinjaya ƙwarai, an fi tsoron ciwon ya yi nisa ko ya dawo.

Sai dai a ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da ciwon mafitsara duk suna iya sauya waɗannan lambobi. Shi ya sa na ga hikimar likitan da ya sa a fara gwajin maleriya, a sake ɗibar jini bayan haka.

Muka kwana a Samaru wajen wani ɗan'uwa. Da sakamakon ya fito babu maleriya, CRP kuma yana nan sama, aka matso da ranar tiyata.

Mai ganin jini a fitsari, ko sau ɗaya ne kuma babu ciwo, ya daure ya je asibiti.