Kafin Kaya Su Bar Gida

Akwai wata magana da muke yawan ji a bakin 'yan'uwa marubuta duk lokacin da aka zo batun gyaran rubutu, wai ita hikima ba ta son a taɓa ta, yadda ta zo haka ya kamata ta fita. Mun daɗe ba mu gamsu da wannan magana ba, amma hujjar da ta fi kwanta mana a rai ba a littattafan nazarin adabi muka same ta ba. Mun tsince ta ne cikin karance-karancen da muke yi na ilmin halittu, a kan yadda ƙwayar halitta take sarrafa furotin ta fitar da shi waje. Mun san wasu za su ce me ya haɗa kifi da kaska. To, a yi mana haƙuri a biyo mu, in mun kai ƙarshe sai a yanke hukunci.

Jikin kowane ɗayanmu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya iya gani, kimanin tiriliyan 30, kowace kuma a rufe take cikin wani siririn tantani nata. Yawancin aikin da ake yi a jiki furotin ne ke yin sa. Shi furotin doguwar sarƙa ce ta wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20, waɗanda ake jerawa kamar duwatsun wuya a zare. Sinadarin da ke cikin yawu mai fara narkar da tuwo tun a baki furotin ne, haka wanda ke sa majina yauƙi, haka garkuwar da ke yawo a jini tana yaƙar cuta, haka insulin da masu ciwon sukari suka san sunansa sarai. Duk waɗannan a cikin ƙwaya ake yin su, amma a wajenta suke aiki. To ta yaya suke fita, tunda ƙwayar ba ta da ƙofa a buɗe?

Tafiyar tana farawa ne daga ribosom, wasu 'yan mitsi-mitsin injina masu karanta umarnin da ya fito daga cibiyar ƙwaya suna jera amino asid ɗaya bayan ɗaya. Furotin da aka yi domin fita waje yana zuwa da shaidarsa tun daga farko, domin amino asid 15 zuwa 30 da ke kan gaba tamkar adireshi ne a bayan ambulan. Da zarar wannan ɗan guntu ya leƙo, sai a kama shi a jawo injin gaba ɗaya zuwa jikin wani tantani mai lunguna da saƙo-saƙo, wanda masana ke kira endofilasmik retikulum. Kalmar ta biyu daga Latin take, ma'anarta 'yar raga, don haka mu raga za mu riƙa ce mata. A shekarar 1945 ne Keith Porter da Albert Claude da Ernest Fullam suka fara ganin ta a New York, ta amfani da madubin ƙara girma mai aiki da elektaron. Shi kuwa sirrin adireshin nan Günter Blobel ne ya warware shi a shekarun 1970, abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1999. An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin da ƙwaya ke yi ta wannan raga yake bi.

A nan ne abin da ya fi ɗaukar mana hankali yake. Ana zura sarƙar cikin ragar ta wata 'yar kafa tun ba a gama jera ta ba, a datse adireshin nan na farko a yar, domin ya gama aikinsa. Amma sarƙa a miƙe ba ta da amfanin komai, sai ta naɗe ta ɗauki wata siffa ta musamman kafin ta iya aiki. Don haka akwai wasu furotin da ke zaune a cikin ragar, mu kira su 'yan rakiya, waɗanda aikinsu shi ne su riƙe sabuwar sarƙa kada ta cukurkuɗe da 'yan'uwanta har ta gama naɗewa. Daɗin daɗawa, ana maƙala wa yawancin sarƙoƙin wani reshe mai ɗauke da sukari 14, uku daga ciki gulukos ne. Ana cire biyu, saura ɗaya ya zama alamar cewa aiki bai ƙare ba, 'yan rakiya su riƙe. In aka cire na ƙarshen, sai wani mai duba aiki ya laluba. In ya tarar naɗin bai yi daidai ba, ba ya jefar da kayan, sai ya mayar da gulukos ɗaya a sake komawa wurin 'yan rakiya. Haka za a yi ta yi. Sai wanda aka yi aka yi ya ƙi gyaruwa ne ake fitarwa ta baya a daddatse shi, a sake amfani da amino asid ɗinsa.

Wanda ya ci jarrabawa sai a ƙunshe shi cikin wata 'yar jaka ta tantani a tura shi zango na gaba, wato na'urar Golji. Sunan wani likita ne ɗan Italiya, Camillo Golgi, na Jami'ar Pavia, wanda a 1898 ya rina ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mujiya da sinadarin azurfa ya ga wani abu kamar saƙa a cikinsu. Ya sami kyautar Nobel a 1906 tare da Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya saboda aikinsu a kan jijiyoyi, amma wannan saƙa da ya gani masana da dama sun ƙi yarda da ita, suka ce dattin rini ne kawai. Ya rasu a 1926 ana cikin gardama. Sai a tsakiyar shekarun 1950 madubin elektaron ya nuna lallai abin yana nan, wasu jakunkuna ne shafaffu da aka ɗora kan juna kamar faya-fayai, galibi huɗu zuwa takwas.

Kaya suna shiga ta fuska ɗaya su fita ta ɗaya fuskar, a kowane faifai kuma akwai aikin da ake yi musu. Ana rage reshen sukarin nan, a ƙara wasu sababbi, kowane a kan tsari. Kada mai karatu ya ɗauka wannan ado ne kawai. Rukunin jinin da ake tambayarmu a asibiti a nan ake yanke shi: mai rukunin A na'urarsa tana ɗora wani nau'in sukari a ƙarshen reshen da ke jikin ƙwayoyin jininsa, mai B wani nau'in dabam, mai O ba ya ɗora ko ɗaya. Bambancin sukari guda shi ya sa dole a gwada jini kafin a ƙara wa majiyyaci. Haka kuma sukarin da ke cikin nonon uwa a wannan na'ura ake haɗa shi. In kuwa wani ɗan rakiya ya biyo kaya bisa kuskure, yana da tambarin amino asid huɗu a wutsiyarsa wanda za a gane shi da shi a mayar da shi raga. A ƙofar fita ne ake rabon ƙarshe, wannan na tantanin ƙwaya ne, wancan na ɗakin narkar da shara ne da ake kira laisosom, wancan kuma na waje ne.

Yaya aka yi aka san wannan jerin zango-zango? George Palade, haifaffen Romaniya, shi da abokan aikinsa suka bi sawu a shekarun 1960. Suka ɗauki fankiriyas na ɓeran Masar, wato wannan gaɓa da ke bayan ciki mai fitar da sinadaran narkar da abinci, suka ba ƙwayoyinta amino asid mai alamar da ake iya ganowa na 'yan mintoci kaɗan, sannan suka tsayar. Da suka duba nan take, alamar tana raga. Bayan ɗan lokaci ta koma na'urar Golji. Can daga baya sai ga ta cikin jakunkunan da ke jira a bakin ƙwaya. Ya karɓi kyautar Nobel a 1974 tare da Claude da Christian de Duve.

Insulin ya ishe mu misali. Yana fara rayuwa da amino asid 110. A raga a datse 24 na adireshi, a naɗe sauran 86 a ɗaure su a wuri uku. Bayan ya wuce Golji, a cikin jakar ajiya, sai a yanke tsakiyarsa gaba ɗaya, abin da ya rage mai amino asid 51 shi ne insulin da jiki ke amfani da shi. Wato fiye da rabin abin da aka fara da shi ba ya cikin abin da ya fita da sunan insulin, alhali in ba don wannan tsakiyar da aka yanke ba da naɗin ya yi wuya tun farko. Ko bayan an gama ma ba a sakin sa, yana nan ajiye har sai sukarin jini ya hau bayan cin abinci.

In wannan tsari ya sami tangarɗa, jiki ne ke biya. Akwai wata cutar gado da ba a cika samu ba, inda na'urar Golji ke kasa buga tambarin da ke kai kaya laisosom. Sinadaran lafiyarsu ƙalau, amma da yake babu adireshi sai a zubar da su waje, shara ta taru a cikin ƙwaya, yaran da ke da ita kuma ba su cika yin tsawon rai ba. Akwai kuma sistik faibirosis, cutar da ta fi yawa a tsakanin Turawa, mai sa majina ta yi kauri ta toshe huhu. An gano tushenta a 1989. A yawancin masu ita, amino asid ɗaya tak, na 508 cikin 1,480, shi ne babu a wani furotin da ya kamata ya je ya zauna a tantanin ƙwaya. Wannan rashi yana hana shi naɗewa da kyau, sai raga ta riƙe shi ta lalata. Abin tausayin shi ne bincike ya nuna in da zai kai inda aka nufa, zai iya yin wani ɓangare na aikinsa. Magungunan da aka amince da su a Amurka a 2019, waɗanda suka sauya rayuwar masu cutar da yawa, ba rushe shingen dubawa suka yi ba. Biyu daga cikin sinadaransu uku taimaka wa furotin ɗin suke yi ya naɗe har ya iya wucewa.

To, 'yan'uwa, ga inda kifi ya haɗu da kaska. Marubucin da ya gama rubutu da dare ya nufi maɗaba'a da safe ya fitar da sarƙa ce a miƙe. Kalmomin duk suna nan a jere, amma ba su riga sun ɗauki siffar da za su yi aiki a zuciyar mai karatu ba. Wanda ke jin zafin a cire masa babi guda ya tuna insulin, domin sau da yawa babin da ya taimaka mana muka gano labarinmu ba shi mai karatu ke buƙata ba. Wanda kuma bai tsaya ya tambayi kansa wa yake rubuta wa ba, ko da rubutunsa ya yi kyau, ya aika kaya ne babu adireshi.

Amma rabin maganar ke nan, ɗaya rabin namu ne mu da muka daɗe a cikin harkar. Mun sha ganin matashi ya kawo rubutunsa na farko zaman karatu, a yi masa kaca-kaca a gaban jama'a saboda ƙa'idar rubutu ko wani rauni guda, ya naɗe takardunsa ya tafi ba a sake ganinsa ba. Wannan shi ne aikin ragar da ta lalata furotin saboda amino asid ɗaya. Ƙwayar halitta tana da mai duba aiki, amma 'yan rakiyarta suna nan tun kafin a zo dubawa, kuma mayarwa a sake gyara ita ce ɗabi'arta, jefarwa sai in babu makawa.

Shawararmu ita ce, duk rubutun da aka kawo gaban ƙungiya kada ya koma hannun mai shi sai da alama a daidai wurin da ke buƙatar gyara, da sunan ɗan'uwa ɗaya da zai zauna da shi su gyara tare, da ranar da za a sake kawo shi. In an sake kawowa bai yi ba, a sake mayarwa. Gaggawa dai an ce aikin ɓata ce, mai haƙuri kuma shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Mu kwana nan.