Kafin Ruwa Ya Sauka

Ban wuce shekara goma sha ɗaya ba lokacin da na zama mai daraja a garinmu, can bayan Keita. Darajar kuwa a gafakar tsumma take: bik mai shuɗin murfi wanda na tattaune har ya tsage, da kaye mai layi-layi, da ambulan masu bakin ja da shuɗi waɗanda in ka lasa sai ka ji ɗanɗanon ƙaro. Mazan gari sun tafi bida, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Kamaru, an bar mata da tsofaffi da mu 'yan lakwal, a cikinmu kuma ni ne mushe ya ce hannuna ya fi kyau. Bayan la'asar sai a aiko wata yarinya ta kira ni. A shimfiɗa mini tabarmar kaba 'yar Madawa wadda ba a fito da ita sai an yi baƙo, a ajiye mini fura a ƙoƙo da ludayi a kai, matar gida ta ba ni baya don kunya, ta fara faɗin saƙon wasiƙar mijinta, ni kuma ina juya maganarta zuwa ɗan Faransancin da na tsinta. A gaya masa rufewa ta yi ƙasa. A gaya masa akuya ta haifi biyu, ɗaya bai zo da rai ba, yaro kuma ya fara tafiya. Abin da ta haɗiye ya fi abin da ta faɗa yawa, amma sai da na yi furfura na gane.

Ladana dala biyu, wata rana ƙwai. Da dare ina kwance a gadon kara ina tsara rayuwata: in na girma zan kafa teburi a bakin gidan waya na Tawa, da kujera, da laima, mutane su yi layi suna jira. Har yau yaron nan yana ba ni mamaki, yadda ya sakankance cewa abin da ya iya, duniya za ta yi ta nemansa har abada.

Sai wani ya dawo daga Abijan da rediyo mai kaset, baƙa, mai cin batir, ana lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura. Mata suka gano za su iya shiga ɗaki su ja ƙyaure su yi magana da bakinsu, su yi kuka in kukan ya zo, su sa yaro ya yi gwarancinsa uban ya ji, a naɗe kaset a tsumma a ba direba. Ba wanda ya kore ni. Aike ne kawai ya ɗauke.

Ban sami sukunin jin haushi ba, don yunwar El Buhari ta iso. Damina ta 1984 ta ƙi, iyakar Najeriya a rufe, hatsin da ya tsiro ya bushe yana tsaye. Abin da hancina ya riƙe daga shekarar nan shi ne warin anza a tukunya, Kaka tana jiƙa ta tana zubar da ruwa, gobe ta sake, jibi ta sake, ɗacin kuma bai taɓa fita duka ba. A shekarar ce furojen gyaran ƙasa ya sauka Keita, da kuɗin Italiya, da ma'aikatan FAO, da abincin PAM, da katafila mai girgiza ƙasa, da wani Bature da kowa ke kira Karuci. Inna ta yi ɗamara, ta naɗa gammo, ta bi sahun mata zuwa tudu. Su ne suka fi yawa a wurin aikin, nesa ba kusa ba. Suna ɗauko duwatsu a ka suna jerawa bisa layin da aka auna, suna cika kwandunan waya a bakin kori, suna haƙa dogayen ramuka a jikin tsauni, a fako wanda in diga ta sauka a kansa sai ta yi ƙara ta dawo maka. In rana ta yi sanyi mai rajista ya kira suna ɗaya-ɗaya, a auna dawa, a zuba mai, wani lokaci har da kifin gwangwani. Gwangwanin ya daɗe a gidanmu bayan kifin, aka huda murfinsa aka sa lagwani.

Wata rana na kai mata ruwa a gyandama, na tsaya ina kallon ramukan a jere har inda ido ya ƙare, babu ko ɗigo a cikinsu, sama kuma fari fat. Na ce, "Inna, ruwan da ba a yi ba, me za ku tare?" Ta sauke dutsen, ta sha, ta goge baki da bakin zane. Ta ce, "Ɗan nan, ranar da zai zo ba zai jira in je aron diga ba."

Ruwan ya zo daga baya, ya kwanta a ramukan maimakon ya kwashe ƙasa ya gangara da ita. Bagaruwa da dakwara suka kama. Itatuwan da aka dasa a aikin nan sun kai miliyan 18, kuma hannun Inna yana cikin lissafin, ko da babu sunanta.

Kawuna yana kwarin Majiya, wajen Buza, inda tun 1975 wani ma'aikacin gandun daji, Dauda Adamu, da ƙungiyar CARE suka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu a tsakiyar gonaki don karya iska. In na je hutu nakan kwanta a ƙarƙashinsu ina jin shuuu ɗin ganye, 'ya'yan suna faɗowa masu ɗanko da ɗan zaƙi-zaƙi. Kawu ya yi ta mita da fari, wai an cinye masa gefen gona. Da itatuwan suka girma, hatsi ya daina kwanciya, aka zo maganar sara, sai mitar ta sauya: azarar nan ta wa ce, ta mai gona, ta gari, ko ta gwamnati? A garinmu ma haka. Da fako ya koma gona, dattawa suka zauna gindin gawo suka yi rabo, a daidai lokacin da matan da suka ɗauki duwatsun suke bakin turmi. Inna ba ta sami ko gamana a can ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce dai tun ran gini ran zane, su ne ba su tambaya ba tun suna kan tudu.

Kwanan baya a Madawa, a wata rumfar albasa da ke cike da warin buhuna da ɓawo, na ga ɗan ƙanena ya kara salula a baki ya yi mata Hausa, ta rubuta masa wasiƙar Faransanci zuwa ga mai sayen kayansa a Abijan, tsaf, har da gaisuwar ƙarshe. Aikina na dala biyu. Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022 nake jin ana ta maganar ƙirƙirarriyar basira, wasu na cewa za ta cinye ayyuka, wasu na cewa za ta warkar da cututtuka, amma sai ranar nan na ji abin a ƙirjina, domin har yanzu da rubutu da fassara nake ci. Na yi dariya ni kaɗai. Ashe akwai aike na biyu da zai ɗauke.

Yanzu bayan sallar isha'i 'yata ce malamata. Ina gwada na'urar da abin da na sani, in ga inda take kaucewa: Hausarta ta Kano ce da ta gidajen rediyo, in na shiga sunayen ƙasa da ciyayi irin na Adar sai ta fara kame-kame, kuma ba ta jin kunyar ƙirƙiro amsa. Na koma wajen tsofaffin da suka rage daga matan tudu ina naɗar muryarsu, su faɗi ta ina ruwa ke bi, wane itace ne ya kama wane ne ya ƙi. Da na ji ana iya kwaikwayon muryar mutum har uwarsa ta kasa bambancewa, mu kuwa gari ne mai rayuwa da saƙon murya da kuɗin 'yan bida, sai muka shirya a gidanmu cewa duk wanda ya kira yana neman a tura kuɗi da gaggawa, a tambaye shi sunan jar akuyar Kaka. Ɗana kuma na ce ya riƙe karatunsa, amma ranar da babu lakwal ya bi mai gyaran injin ban-ruwa zuwa fadamar Tarka.

Abin da ke hana ni barci shi ne gindin gawo, inda ake rabo. An riga an fara zama. Tarayyar Afirka ta amince da tsarinta kan ƙirƙirarriyar basira a Akara a watan Yuli na 2024. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita a Yamai, kuma a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Muryoyinmu da hotunan gonakinmu da farashin albasarmu su ne duwatsun da ake ɗauka a wannan karon, ana ɗaukarsu kullum ta cikin salula, mafi yawa ba tare da ko tiyar dawa ba.

Saboda haka 'yan'uwa na Keita da Buza da Madawa, duk wanda ya zo da na'ura yana son naɗar maganarku ko auna gonarku, ku tambaye shi ina za a kai, wa zai mallaka, me zai dawo gari. Ku kai maganar ƙungiyar manoma da rediyon gari da ofishin magajin gari. In an kira taro ku je da wuri, kuma ku tafi da iyayenmu mata.