Amosanin Fuska Ba Ƙazanta Ba Ne

Mai karatu, in kana kallon finafinanmu da idon basira, na san ka sha ganin wannan: kyamara ta matso kusa da fuskar jaruma, sai ka ga hoda ta tattare a gefen hancinta, ta yi ɓawo-ɓawo kamar busasshen koko a bakin kwano. Nan da nan masu kallo za su ce mai kwalliya bai iya aiki ba. Ni kuwa sau da yawa nakan gane abin, domin larurar da nake fama da ita ce tun ina foliteknik.

Amosani ne, irin dai wanda ka sani a kai, ya sauko fuska. Yana son wuraren da ke da maiƙo: gefen hanci, gira, bayan kunne da cikin gemu. Wata ƙwaya ce dangin yis, mai suna Malassezia, wadda ke zaune a fatar kowa tana cin maiƙo, sai dai fatar wasunmu ba ta jituwa da ita. Wurin ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, ya dinga saɓa. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai wurin ya yi haske, shi ya sa wasu ke ɗauka ƙyasfi ne ko makero. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba rashin wanka ke kawo shi ba. Hunturu, gajiya da rashin barci ne ke tayar da shi. To ka tuna yadda ake kwana a lokeshin.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganin da ake ba juna a industiri da gidajen biki. Da mace ta yi kuka da fuskarta, sai ƙawa ta ce, "Ke, sayi man nan mai haɗi uku a kemis." Galibin irin waɗannan mayukan na ɗauke da sinadari mai ƙarfi, kilobetasol ko betametason. Kwana 3 fuska ta yi sumul, har ta ɗan yi fari. Tarkon ke nan! Ranar da aka daina shafawa abin zai dawo da fushi, in kuma aka zarce fata ta yi laushi kamar leda, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso. Fuskar da ake neman abinci da ita fa!

Abin da likitan fata ya ɗora ni a kai ba shi da tsada. Man ketokonazol mai kashi 2 cikin 100, safe da dare, mako 2 zuwa 4. Shamfu mai wannan sinadari, irin su Nizoral, sau 2 a mako, a bar kumfar minti 5 kafin a ɗauraye, don in ba a kashe na kai ba, na fuska zai dawo. In ƙaiƙayi ya yi tsanani, haidirokotizon mai kashi 1, na 'yan kwanaki kawai. Ban da dirza da soso, ban da lemon tsami, ban da sabulu mai zafi.

Kada wani ya ruɗe ka da maganin rabuwa da shi har abada. Yana tafiya yana dawowa, lallaɓa shi ake yi. In ka yi wata guda ba sauƙi, je asibiti a duba, don akwai cututtukan fata masu kama da shi.

Ku kuma furodusoshi, 'yar wasan da ta ce a ɗaga mata shutin fuskarta ta huta, ba yanga take yi ba. Allah Ya ƙara mana lafiya.